Daddawar Hajiya Talatu a Intanet

Sai da na aurar da 'ya'ya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci. Shi ya sa da matan ƙungiyarmu ta masu daddawa suka ce wa zai buɗe mana shafi a intanet, na ce ni. Na kama gurbi a intanet, na ɗora manhajar tsara shafi, ban tambayi kowa ba.

A tunanina shafi kamar rumbu ne, sai wanda ka buɗe wa zai ga ciki. Don in gwada hannu, na rubuta cewa daddawar Hajiya Talatu, matar mai unguwa, ko akuya ba za ta sansana ba. Na danna "wallafa", na tafi cirar gyaɗa.

Bayan kwana biyu wata mai awo ta karanta wa jama'a a kasuwar Ɗambatta. Sai ga aike, mai unguwa na kirana. Wallahi tun kafin in isa, na riga na ga an kore ni daga ƙungiya.

Na durƙusa a zaure. Ya ce, "Inna, ke kika rubuta wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gwaji ne."

Daga bayan ƙofa Hajiya ta ce, "Gwajin bai ga daddawarki ba sai tawa?"

A gabansu na goge rubutun, sau uku ina kuskure kalmar sirri.

Ba a kore ni ba. Amma har yau ko gidan suna na shiga, sai mata su hau rufe tukwane: "Ku ɓoye miya, ga 'yar jarida nan!"