Je Ka Ba Ta Baki

A ƙauyenmu na Marken Dutse, in ka wuce rijiya ka hangi gidan da rimi ya yi wa rumfa, to gidan Nomau ke nan. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, saboda haka yawancin abin da zan gaya muku ba a bakin wani na ji ba. Nomau dogo ne, gemunsa ya fara furfura, zuciyarsa fara tas. Sai dai fa yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta ya tafi da ita, ba ƙari ba ragi. Matarsa Tasalla ce ke riƙe da gidan da allura da zare. Ƙyallayen da suka rage wajen tela take karɓowa ta ɗinka 'yan tsana, ta cusa musu audugar rimi, ta yi musu kitso da baƙin zare, ta ɗaura musu zane da kallabi, ranar kasuwa dillaliya ta zo ta kwasa. Maɓalli take sa musu a matsayin ido. Baki kuwa shi ne na ƙarshe, tana da wani gwangwani da take tara 'yan jajayen bakunan da ta yanka, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Allah bai ba su haihuwa ba. Da ƙanwar Tasalla ta rasu sai aka kawo musu 'yarta Yalwa riƙo, yarinyar da ko famfara ba ta fara ba. Tun ranar da aka fita da uwar, Yalwa ba ta sake cewa uffan ba, ba kuka, ba dariya. Gwaggonta Hurera, yayar uban, ita ta rako ta, kuma kafin ta juya ta ce, "Zan dawo lokacin kaka. In na tarar ba ta saki jiki da ku ba, da ita zan tafi." Tasalla ta ce to. Amma ni na san abin da ke cikinta. In aka ɗauke yarinyar nan, wallahi an ɗauke mata komai.

Wata rana Tasalla za ta shiga barka, ta shanya 'yan tsanar da ba ta gama ba a tabarma. Ta ce, "Malam, ka sa ido a kansu, awakin nan ba su da kirki." Ya ce, "An gama." Tana fita ya jawo kwanon maɓallai, ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗinka musu ido a tsakar ka. Akuya kuwa tana gefensa tana cin zanen ta ƙarshe, bai ko ɗaga kai ba. Tasalla ta dawo ta saki salati.

"Malam! Wannan wace irin ɓarna ce?"

"A kansu kika ce. Da kin ce a fuska, ai da a fuska na sa."

Dillaliya ta zo ta duba, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ko kyauta ba ta ɗauka. Amma Yalwa ta miƙa hannu ta zari ɗaya mai shuɗin zane, ta tafi gindin rimi ta kwanta rigingine. Lokacin rimi ya fashe, audugarsa na yawo a iska a hankali, ba ta sauka ba ta tafi. Yarinya na kallon sama, 'yar tsana na kallon sama. Nomau ya zo ya tsaya, ya ce, "Me kuke kallo?" Yalwa ba ta ɗauke ido daga sama ba. Ya ce, "To, bari in taya ku." Ya miƙe doguwar ƙafarsa a gefensu, haka suka yini su uku.

Wata rana kuma, da damina ta sauka, aiki ya yi wa Tasalla yawa, ga shuka ga ɗinki. Ta tura wa Nomau 'yan tsanar da ta ɗinka ta bar wa ƙofa a baya, ta ce, "Ka cika musu ciki, su yi ɓul-ɓul." Buhun audugar rimi na jingine a gabansa, amma ina! Madafi ya nufa ya ɗauko sauran tuwon dawa da miyar kuka, ya riƙa gutsura yana dannawa, har yana ce musu, "Ku ci a hankali, akwai ƙari." Ya jera su a inuwar rumbu. Kafin la'asar tururuwa ta ji labari. Na leƙa ta kan katanga na ga abin da ban taɓa gani ba, wata 'yar ƙaramar cikinsu tana tafiya a tsakar gida, a kwance, sannu sannu, kallabinta na jan ƙasa. Kaji suka far wa sauran, karen maƙwabta ya sure ɗaya ya tsallake darni. Tasalla ta ɗora hannu a ka.

"Tuwo, Malam? Tuwo a cikin 'yar tsana? Yau na shiga uku!"

"Ba su da baki, shi ya sa na ba su ta baya. Don ba su faɗa ba, ai ba shi ne ba sa jin yunwa ba."

Ta buɗe baki za ta zazzage shi, sai idonta ya faɗa kan Yalwa. Yarinyar na durƙushe tana bin mai tafiyar nan da kallo, gefen leɓenta na ɗan motsi. Tasalla ta fasa faɗan. Ta juya ta shiga ɗaki, na ji tana jan hanci.

Wata rana ƙyalle ya ƙare, tunda awaki da kaji sun ci rabonsu. Ilu tela kuma ya fara wasa da ita, yau ya ce ya manta, gobe ya aiko da tarkacen zare. Tasalla ta ce, "Malam, ka bi ta shagon Ilu ka ja masa kunne, wannan ba mutunci ba ne." Kai, da ina wurin da na toshe mata baki! Nomau ya je ya yi sallama, suka gaisa har da tambayar iyali, sannan ya ce, "Aiko ni aka yi, wanne ka fi so, na dama ko na hagu?" Kafin Ilu ya gane, an kama na dama an ja har hularsa ta faɗi. Ilu ya zabura yana kururuwa, duk abin da hannunsa ya kai ya riƙa jifa da shi, ƙyallen atamfa, na shadda, har da guntun jan karan-miski da ya rage daga rigar wata amarya. Nomau na tsincewa yana cewa, "Madalla, Allah ya ƙara buɗi." Sai da Tasalla ta aika da ƙwaryar fura da ban haƙuri kafin Ilu ya huce. Jan karan-miskin nan kuwa ta zauna ta yanka shi bakuna, ta cika gwangwaninta.

Wata rana, an fara yankan gero, sai ga Hurera ta yi sallama. Ta kira Yalwa, yarinya ta rungume 'yar tsanarta mai kallon sama ta gudu bayan rumbu. Aka kai mata abinci, ta kau da kai. Hurera ta girgiza kai ta ce, "Tasalla, ba na ce kin gaza ba, amma kin gani da idonki. Haɗa mata kayanta, motar yamma za mu bi." Tasalla ta shimfiɗa ɗankwali tana ninke 'yan riguna. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, je ka ba ta baki ta ci wani abu, kada ta tafi da yunwa."

Nomau ya yi tsaye jim, sai fuskarsa ta washe. Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwani. Ni ina kan katanga, na ce a raina, yau kuma a gaban baƙuwa za a yi. Ya tsuguna gaban yarinyar ya buɗe murfi.

"Yalwa, Innarki ta ce in ba ki baki. Ashe shi kika rasa? Ga shi cike da gwangwani a gidan nan, ba wanda ya gaya mini! Zaɓi wanda kike so."

Ta dubi gwangwanin, ta dube shi.

"To, bari mu fara gwadawa a jikin 'yarki, mu ga ko yana aiki."

Ya ɗauki ɗaya ya lasa, ya kife 'yar tsanar, ya manna mata shi a gadon baya. Ya ce, "Yauwa. Ta nan suke ci."

Sai muka ji wata 'yar murya a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ba nan ba ne, Baba."

Rigar da ke hannun Tasalla ta faɗi. Nomau kuwa ko a jikinsa, ya ce, "To ina?"

"Nan." Ta ɓamɓare shi ta ɗora a fuskar 'yar tsanar. "Kuma ka juya shi sama. Dariya take yi. Ummata dariya take yi." Ta miƙe ta zagayo rumbu, ta wuce gwaggonta, ta tsaya gaban Tasalla ta miƙa mata. "Inna, ki ɗinke mata, kada ya faɗi."

Tasalla ta ɗauki allura, hawaye ya hana ta ganin kafar. Ta yi ta ƙoƙari zare na zamewa. Hurera ce ta karɓa ta zura mata, sannan ta jawo ƙullin kayan nan ta kwance shi da hannunta. Motar yamma ita kaɗai ta hau.

Nomau ya rufe gwangwani yana ƙorafi. "Tun da rani da kin ce in ba ta, ai da tuni an wuce wurin." Tasalla ta dube shi, ta share ido da bakin zane, ta ce, "Ka yi gaskiya, Malam."

Nan na sauko daga katanga, don ni ma idona ya cika. Surutun nan da kuke ji yanzu ta bayan gidana, wanda ya hana ni barcin rana tun bara, na Yalwa ne.