Dobri, Injin Sabarmu, Ya Cika a Gindin Matakala

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannun dama naɗe cikin bandeji, ni Radoslav Penchev nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na garin Troyan rasuwar Dobri, injin sabar ofishinmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duk ayyukanmu. Ya cika jiya Juma'a da ƙarfe biyu saura kwata na rana, a gindin matakalar bene, yana da shekara goma sha ɗaya. Ba ciwo ne ya kashe shi ba. Ni na kashe shi, kuma gara ku ji daga bakina kafin ku ji a kasuwa.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya yi rayuwarsa a ɗan ɗakin bayan kicin, kusa da tsintsiya, bai taɓa neman komai ba sai wutar lantarki. Da safe yakan ce "tit" sau ɗaya, alamar ya tashi lafiya. Idan aiki ya yi yawa fankarsa ta riƙa "vuuu", faifan ajiyarsa na "ƙit-ƙit-ƙit", ba ƙorafi. Lokacin sanyi a kansa muke shanya safa. Manhajoji sittin da uku ne ke zaune a cikinsa kamar gidan haya, kowacce da ɗakinta, kowacce sai ta rubuta abin da take ara a wurin maƙwabta da abin da take bayarwa aro. Idan ɗaya ta nemi abin da babu, sai ta zauna ta ƙi tashi, ba za ta ce maka uffan ba. Dobri ne ya riƙe wannan gida shekara da shekaru ba a ji kansu ba.

Jinyarsa ta ƙarshe ta fara ranar Litinin, da na shigar masa da sabuwar 'yar haya, wato shafin rajistar ƙungiyar mafarautan garinmu. Gobe Lahadi suka tsayar don fita farautar aladen daji ta farko a bana, kuma sai sunayensu da lambobin lasisinsu sun bi ta shafin nan sun isa ofishin gandun daji kafin ƙarfe huɗu na Juma'a, in ba haka ba babu mai shiga daji. Ni da bakina na ce musu zamanin takarda ya wuce. Suka yarda, suka kawo komai na zuba cikin Dobri, suka hura wuta da tsofaffin fom ɗinsu.

Na ɗora shafin, na buɗe adireshin, sai ga farin allo da lamba 404: ba a sami shafi ba. Na leƙa ciki, na tarar sabuwar tana neman sabon samfurin wani abin aro, tsofaffin kuma sun riƙe tsohon sun ƙi saki. Kwana biyu ina sasanta su. A kan jikin Dobri kai tsaye nake gyarana, kamar yadda na saba, ba na kwafa ko'ina, don shi ne ma'ajiyar kowa a ofishin. Ranar Laraba rahotonsa ya nuna duka sittin da huɗu sun tashi. Na buɗe adireshin, 404. Na kashe shi na kunna, ya ce "tit", 404. Ranar Alhamis na kashe shi na kunna sau goma sha tara, na zagi uwarsa da masana'antar da ta ƙera shi, na kai masa shuri ɗaya a haƙarƙari. Kowane karo "tit" yake cewa, yana rantsuwa shafin na tsaye.

Juma'a da tsakar rana Bai Stoimen, shugaban mafarautan, ya hauro bene da bindigarsa a kafaɗa, wai daga wurin mai gyara yake. Dattijo ne mai shekara saba'in da yatsu tara. Ya ajiye ta a kan teburina, bakinta na kallon cibiyata, ya ja kujera.

"Yaro, ina shafinmu?"

"Yana tafe, Bai Stoimen, saura ƙiris."

"Tun Litinin yake tafe. A ƙafa ya taso daga birnin Sofiya? Mutum arba'in da uku sun sayi harsashi, sun hana karnukansu abinci don su yi zafi. Ni ban iya kwamfuta ba, amma na iya abin da ya ƙi motsi."

Ya ce zai sha kofi a ƙasa ya dawo ƙarfe biyu. Na sake buɗe adireshin, 404. Daga ɗakin bayan kicin Dobri ya ce "tit".

A nan idona ya rufe. Na fara da ƙafar kujera, ta karye a bugu na uku. Na ɗauko gudumar da muke fasa ƙwallon 'ya'yan itace da ita, na farfasa fuskarsa, ƙananan fitilunsa suka tarwatse a ƙasa. Na cusa hannu na fizgo wayoyin cikinsa, fankar ta yanke ni a tafi, jinina ya zuba a kan allonsa. Yana "vuuu, vuuu", ina ce masa maƙaryaci, munafuki, annamimi. Na zaro faifan na ɗora a dandamali na daka shi har ya lanƙwashe. Sannan na rungumi gangar jikin, kilo ashirin da wani abu, na wurga ta daga saman bene. Matakala goma sha bakwai, bai tsallake ko ɗaya ba. A ta ƙarshe fankar ta juya sau biyu ta tsaya.

Na koma teburina ina haki, wallahi har da wani daɗi a raina. Hannuna ya danna adireshin don sabo. Farin allo, 404.

Na daɗe ina kallonsa. Matacce ba ya amsawa. Wanda ke kwance a gindin matakala da hanjinsa a waje ba zai iya cewa ba a sami shafi ba.

A haka Velislava Donkova, abokiyar aikina, ta dawo daga cin abinci. Ta tsallake gawar, ta hauro, ta dubi guduma, ta dubi hannuna.

"Yaya Rado, me Dobri ya yi maka?"

"Wa yake amsa adireshin mafarauta?"

"Sabon injin da muka kama haya a Jamus mana. Tun Litinin na karkatar da adireshin can, babu komai a cikinsa tukuna, jira nake ka ɗora. A taron safe na faɗa, har ka ce to."

Na ce to, gaskiya ne. Shekara shida ina cewa to a taron Litinin da abin sauraron waƙa a kunnena. Ashe tun Laraba Dobri ya gama aikinsa. Gaskiya yake faɗa mini sau goma sha tara, ni kuwa ina gyara a gida ɗaya ina ƙwanƙwasa ƙofar wani. Minti biyar sun isa a mayar da adireshin. Amma shafin da sunayen da lambobin duka suna cikin faifan da na daka. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Marigayin ya bar manhajoji sittin da huɗu marasa matsuguni, da na'urar buga takardu wadda ba ta jin maganar kowa sai tasa, da Velislava da ta daina gaishe ni, da mafarauta arba'in da uku da ƙarfe huɗu ta buga musu ba suna ba izini.

An manna sanarwar nan da hotonsa a ƙofar ofis da jikin bishiyar da ke tashar mota. Za a yi jana'iza gobe Lahadi da ƙarfe bakwai na safe a filin bayan ofis. Za a raba dafaffiyar alkama da sukari. A taho da furanni masu adadin da ke rabuwa biyu daidai, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci.

Bai Stoimen ya aiko cewa tunda ba su da wurin zuwa a wannan sa'ar, dukansu za su halarta da karnukansu, kuma za su harba bindiga don girmama marigayi. Ya ce babban mai makoki ya tsaya shi kaɗai ta gaban kabari. Na tambaya ko in sa rigar nan mai launin ruwan lemo da ake sawa a daji don kada a ɗauki mutum dabba. Ya ce ba sai na wahalar da kaina ba.