Ranar da Mai Girma Ya Yi Alkawarin Ceto Giwar Sama

Jama'a, ku matso. Abin da ya same ni ranar Asabar a Nima ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Har yau in na tuna a cikin trotro, motar hayarmu, sai dariya ta ƙwace min, kwandasta yana kallona kamar na sha wani abu.

Kun san katakon da muke takawa mu haye babbar gota, wato kwatar da ke layinmu? Ruwan watan jiya ya tafi da shi. Tun ranar Hajiya Barikisu mai waakye, shinkafa da waken nan namu, take zaune a tsallake da tukunya cike, mu masu saye muna wannan gefen muna shaƙar ƙamshi. Mai ƙarfin ƙafa ya zagaya ta unguwar Maamobi, sauranmu mun koma burodi. Ta rantse in aka ƙara wata ɗaya a haka za ta kife tukunyar ta koma wajen 'yarta a Alajo. Shekara ashirin ina karyawa da waakyen nan, jama'a! Layi ya zauna aka rubuta takardar neman gada, aka damƙa min, in miƙa wa Mai Girma Uban Alkawura da hannuna ranar ziyararsa.

An ce ƙarfe tara na safe. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, makaɗa sun buga har hannunsu ya kumbura. Sha ɗaya: "Yana hanya." Azahar: "Yana hanya." Da rana ta fara dafa min ƙeya sai na sulale shagon wasannin kwamfuta na Ruhaina, 'yar ƙanwata, don akwai fanka.

Na tarar da samari sun yi cincirindo a gaban allo suna ihu.

"Kawu, zauna ka ga abin tsoro," in ji Ruhaina. "Wani jirgin kamfani ne da ke fasa taurari yana haƙo ƙarfe. Ma'aikata dubu a ciki. Wasu dodanni sun shiga, wuta ta ɗauke, ruwa ya ƙare. Ba wanda ya taɓa wuce hawa na uku a shagon nan."

Sunan jirgin na Turanci ya fi ƙarfin harshena, sai na raɗa masa Giwar Sama. Ina zaune kenan wata murya mai daɗi ta fito daga bangon jirgin, Ruhaina tana fassara min: "Kamfani ya ji kukanku. Kamfani yana tare da ku. Masu ceto suna hanya."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Suna ina?"

"Suna hanya, Kawu."

"Ba ni abin bugawar nan."

Ashe kuskuren samarin kenan: da sun ji muryar sai su tsaya a bakin ƙofa suna jiran ceto, dodo ya zo ya yi kalaci da su. Ni kuwa da na ji "suna hanya" sai na juya baya na kama gabana. Duhu? Ni da na girma da ɗauke wuta, ina iya sa zare a allura ba fitila. Famfo ba ruwa? Gida na zo. Dodo mai hannu shida ya faɗo daga rufi yana wage baki, na ce, "Chale, abokina, ka taɓa ganin ɓeran gotarmu?" na maka masa ƙarfe na wuce. A hawa na huɗu gadar jirgin ta karye, mutumina na cikin wasan ya tsinci tarkacen ƙarfe ya yi walda ya haye.

"Kawu Zuberu! Ka taɓa buga wasan nan ne?"

"Shekara hamsin da biyu ina buga shi, 'yata. Yau ne dai aka ba ni kujera."

Nan fa kaina ya ɗau zafi. Na manta da rumfa, na manta da makaɗa, ina ta ƙwala ihu: "Mutum dubu! Ba wuta, ba ruwa, an watsar da bayin Allah suna mutuwa!"

Sai shagon ya yi tsit. Na waiga. Mai Girma ne a bakin ƙofa, farar babbar riga, masu ɗaukar hoto uku a bayansa. Ashe ya iso, yana wucewa ihuna ya jawo shi.

"Su waye suke mutuwa?"

"Ranka ya daɗe, 'yan wani jirgi ne, amma ai a can bayan taurari..."

"Ko a ina suke, mutanena ne!" Ya juya ya fuskanci kyamara. "Na ji kukansu. Ina tare da su. Daga yau na kafa kwamiti mai mutum tara, kuma ina tabbatar muku masu ceto suna hanya."

Wallahi ko muryar bangon jirgin ba ta kai shi iya faɗa ba. Ruhaina ta cusa mayafinta a baki. Allah Ya ƙara wa Mai Girma lafiya, a ina za mu samu shugaban da tausayinsa ya wuce sararin sama? Na yi maza na zaro takardar gada na miƙa. Ya ɗaga ta sama ya ce ga koken ma'aikatan jirgi ya iso hannunsa, aka yi tafi, ya miƙa wa mai riƙe masa jaka, shi kuma ya fara fifita da ita. Minti shida, motoci sun tashi.

Da na fito, Hajiya Barikisu ta ƙwalo min kira daga tsallake: "Malam Zuberu, ka ba shi?"

"Na ba shi, Hajiya."

"Me ya ce?"

"Za a ceto jirgi."

Ludayin da ta jefo ya haye gotar lafiya lau. Shi ne abu na farko da ya haye cikin wata guda.

Ina riƙe da ludayin sai hawa na huɗu ya faɗo min a rai. Na nufi wajen Abdulkarim mai walda na ce masa, "Ɗan'uwa, masu ceto suna hanya." Ya ajiye abin da yake yi ya ce, "To mun shiga uku. A nemo ƙarfe." Lahadi da sassafe muka tafi Old Fadama muka kwaso tsofaffin ƙarafa, layi ya fito aikin gayya, liman da kansa ya riƙe guduma. Kafin la'asar gada ta tsaya. Litinin na haye na ci waakye da ƙwai biyu, Hajiya ta ƙara min taliya, ta karɓi ludayinta.

Jiya kuma wani ɗan kwamiti ya zo shagon Ruhaina da fayil a hammata, ta gadarmu ya haye, yana tambayar wace trotro ake hawa zuwa Giwar Sama. Na ce masa ya samu kujera ya jira a bakin ƙofa, tana hanya.