Ragon da Ya Ci Difilom

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na yi niyyar zama ɗan zamani ba. Ita ce shekarar da damina ta yi gardama, sojoji kuma suka karɓi mulki, farashin hatsi na hawa kowace safiya. Kowa na tunanin abin da zai kai baki, ni kuwa damuwata takardu.

Malamin lakkwal ne ni, wato makarantar boko, kuma malami ba ya zubar da takarda. Ɗakinmu a unguwar Lazaret ta Yamai ya cika da katon-katon, wato kwalaye: jarrabawar ɗaliban da yanzu sun yi jikoki, tsofaffin jaridu, rasit na wuta da ruwa. Matata Rabi ta ce in dai gyara take so ta yi, sai ta nemi izinin ɓeraye.

Sai na sayi na'urar sikane ta hannu, na shiga ɗaukar hoton kowace takarda ina zubawa a kile USB, ɗan abin nan da bai kai yatsa ba. Na rataye shi a wuya kamar laya. A lakkwal kuwa na ishi abokan aiki da wa'azi, musamman Mushe Sani (Mushe shi ne Malam a bakin ƴan lakkwal), wanda har gobe yake yawo da jakar fata. "Zamanin takarda ya wuce," in ji ni, "rayuwata duka ga ta nan a ƙirjina." (Na faɗa da Faransanci ma, don ya fi zafi.)

Da na gama, na raba takardun gida biyu: katon guda na muhimmai, wato takardar haihuwa, difilom na shaidar karatuna da takardar ɗaukata aiki, sauran kuma na zubarwa. Duk katon ɗin sabulu ne iri ɗaya. Rabi ta ce, "Malam, ka sa musu alama mana." Na ce ai alamar tana cikin ordinater, wato kwamfuta.

To muna da ragon layya, dusa ta yi tsada, harawa ta zama sai labari. A shekarar nan dabbobin Yamai sun koyi cin takarda fiye da yadda ɗalibaina suka koyi karanta ta. Ni da hannuna na riƙa ɗibar katon ina jiƙawa da ruwa da ɗan gishiri ina ba shi. Har daɗi nake ji wai na haɗa tsafta da tattali.

Ana nan sai sanarwa ta fito: kowane ma'aikaci ya bayyana da kansa da takardunsa na asali, wanda bai zo da su ba a tsayar da albashinsa. Na zaro babban ambulan daga katon ɗin da ya rage, ban ko buɗe ba, na nufi Plateau, unguwar ma'aikatu. Muka yi layi cikin rana, Mushe Sani na bayana da jakarsa.

Wani ajidan na soja ne zaune a teburin, mutum mai ƙarancin magana. Ya buɗe ambulan, ya zaro takarda ta farko, ya daɗe yana dubawa.

"Mushe, wane ne ya ci sifiri a shifta? Kai?"

Jarrabawar ƴan aji ce, da jan birona a kai. Ta biyu ma haka, ta uku ma. Nan take na tuna wani yammaci da na ga ragon yana tauna wata takarda mai kauri, har na yaba masa haƙora.

Na ciro kile daga wuyana, na miƙa masa. "Ranka ya daɗe, duka suna cikin nan."

Ya juya shi gaba da baya. "A ina zan buga hatimi a jikinsa? Ina na asalin?"

Ƙarya ba ta zo mini ba. Na ce, "Rago ya ci."

"Wa?"

"Ragona, ranka ya daɗe."

Sai Mushe Sani ya ce, a hankali yadda kowa zai ji, "To a kirawo ragon mana, shi ke da difilom." Har ajidan sai da ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Ya ture kile gabana ya ce, "A wurina dai ba a haife ka ba tukuna. Na gaba!"

Albashi ya tsaya. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Yamai da Damagaram, mahaifata, ina neman shaidar cewa an haife ni, kowane buron gwamnati na tura ni wani, kowanne kuma yana neman takardar da ke cikin rago. Rabi ta koma tuwo sau ɗaya a yini. Ba ta taɓa cewa "ai na faɗa maka" ba, wanda ya fi mini ciwo da ta faɗa.

Ran layya ta ajiye mini hanta a gabana ta ce, "Ci, Malam, karatunka ne."

Na ci. Yanzu duk takardar da ta shigo gidan nan ina sikane ta, in sa ta asalin a akwatin ƙarfe, in rubuta alama da manyan baƙaƙe. Ragon bana kuwa, ko jarida ba na karantawa a gabansa.