Gwaggo Ta Rasu a Hannun Yaya Injiniya

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yanzu bai sami wurin sauka ba, Nas, matar marigayi Malamin Lissafi, tana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aikinta na asibiti rasuwar kwamfutar gidanta, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Lahadi da la'asar a kan teburin falo, bayan gajeriyar jinyar da ba ita ta jawo wa kanta ba. Ta rasu ne a hannun yayan Nas ɗin, wanda kowa ke kira Injiniya, duk da ba a taɓa ganin takardarsa ba.

Marigayiya ta shigo gidan nan da tsufanta, domin ta hannu Malam ya sayo ta. Ba kyakkyawa ba ce. Harafi ɗaya ya fita daga madannanta, murfinta ya tsage a gefe, batirinta kuma ba ya riƙe wuta, ana zare caja take sumewa. In aka kunna ta, mutum kan iya ɗora ruwa ya tafasa kafin ta gama buɗe ido. Da farko za ta yi "fuuu" da fankarta kamar tsohuwar da ta hau bene, sannan ta ce "tilin-tin", alamar ta shirya. Saboda wannan nishin ne Malam ya raɗa mata Gwaggo. Amma duk nawarta, ba a taɓa ba ta ajiya aka dawo aka tarar babu ba.

Ajiyar da ta fi kowace nauyi ita ce muryar Malam. Lokacin da ciwo ya kwantar da shi, 'yarsu Kurciya ko tafiya ba ta fara ba. Ya san ba za ta tuna shi ba, don haka kullum ya ɗan ji dama sai ya jingina da filo, ya ɗora Gwaggo a cinya, ya yi wa yarinyar magana. Akwai tatsuniyoyi, akwai waƙar ƙirga da ya ƙirƙira da muryarsa mara daɗi, akwai inda tari ya katse shi ya yi dariya ya ci gaba. Da waɗannan Kurciya ta san ubanta. Sauran maganganun kuwa ya ware su daban, ya sa wa kowace suna: ta ranar gama makaranta, ta ranar da za ta fara aiki, ta ranar aurenta. Ya roƙi matarsa kada kowa ya buɗe sai lokacinsu ya yi, har ita kanta. Ta yi alkawari, kuma ta cika. Shekara da shekaru tana wuce su da linzamin kwamfutar, hannunta na ƙaiƙayi, ba ta taɓa dannawa ba.

Ciwon ajali ya zo ne a aljihun Yaya Injiniya. An saki wata sabuwar manhajar sarrafa kwamfuta, irin wadda ake cewa kyauta ce, buɗaɗɗiya ce, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Tun ranar da ya ji labarinta bai bar kunnen kowa ya huta ba. Ya ce Gwaggo lafiyarta ƙalau, tsohuwar manhajar ce ta ɗaure ta, in aka sa mata sabuwar za ta yi gudu kamar yarinya. Ya kira wannan 'yanci. Nas ta ce masa, cikin ladabi, ita dai tsohuwar na yi mata aiki a haka, kuma ya tuna muryar Malam na ciki. Ya yi mata irin dariyar da yayye ke yi wa ƙanne. Ya zaro filashinsa, ɗan abin ajiyar bayanai, ya kwafe komai a gaban idonta, ya ɗaga ya nuna mata. Ta ga an kwafa, hankalinta ya kwanta, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Abin da ya biyo baya, daga bakinsa aka ji, da ƙyar. Kafin a sa sabuwar manhaja sai an fara zuba ta a filashi. Ya laluba aljihu, filashi ɗaya gare shi, wanda ya gama kwafar Malam a ciki. Allo ya yi masa gargaɗi da manyan haruffa cewa duk abin da ke cikin filashin zai goge. Yaya Injiniya kuwa bai taɓa karanta gargaɗi ba a rayuwarsa, yana ganin wannan aikin 'yan koyo ne. Ya danna "Ee". Daga nan aka tambaye shi ko a ajiye sabuwar manhaja kusa da tsohuwar, ko a share rumbun ajiyar Gwaggo gaba ɗaya. Ya zaɓi a share, domin a cewarsa ya fi tsafta, ai kuma akwai kwafi a filashi.

A yi wa sabuwar manhaja adalci, ta zo da hoton tsauni mai kyau a allo. Ban da hoton, ba abin da ya yi aiki. Sifika ta yi gum. Firinta ta zama baƙuwa a gidan da ta tsufa. Intanet ya ƙi kamawa, kuma maganin da zai sa ya kama sai an sauko da shi daga intanet. Yaya ya koma wayarsa, ya shiga zaurukan masana, inda duk wanda ya kawo kuka ake ce masa ai a wurin wasu lafiya lau take aiki. Ya riƙa kwafo dogayen umarni yana zubawa a wata baƙar taga, bai san ma'anar ko ɗaya ba. Da abin ya ƙi, ya share ya sake sawa. Ya ƙi, ya sake. Gwaggo na ta "fuuu, fuuu", jikinta ya yi zafin da ba a iya dafawa, shi kuma yana cewa saura kaɗan.

Sai da Nas ta dawo ta ce a ba ta filashin ta adana, sannan ya tsaya cak. Ta kalli fuskarsa ta gane, tun kafin ya buɗe baki.

Gwaggo ta ƙara kwana tana fama. A ƙarshe wani sauti ya fara fitowa daga cikinta wanda ba a taɓa ji ba, "ƙyas, ƙyas, ƙyas", allo ya cika da fararen rubutu, sannan ya yi baƙi. An garzaya da ita wurin mai gyara a layin 'yan waya. Ya buɗe, ya saurara, ya girgiza kai. Ya ce da tun sharewar farko aka kawo ta, da wataƙila ya tono wani abu, amma kowace sake sawa ƙasa ce aka ƙara zubawa a kan abin da ake nema, yanzu kuma rumbun ma ya mutu. Filashin ma ya gwada, bai sami ko numfashin Malam ba. Ya ce yana iya sa mata sabon rumbu ta tashi. Nas ta ce a bar ta, ba gangar jikin take so ba. Garin neman gira an rasa ido.

Marigayiya ta bar caja ɗaya da aka naɗe da salatif, linzami mai ciwon danna hagu, firinta da ba ta da mai yi mata magana, da jakar da har yanzu ke da alƙalamin Malam a aljihunta. Ta bar filashi guda, cikin ƙoshin lafiya, ɗauke da sabuwar manhaja ga duk mai sha'awar 'yanci. Ta bar Kurciya, wadda aka gaya wa cewa Gwaggo tana kwance a asibiti, kuma ta yarda, tunda uwarta nas ce.

Yaya Injiniya ya riga ya yi ta'aziyya. Ya ce a gaskiya ba laifin manhajar ba ne, kuma ya ji fitowa ta gaba za ta gyara matsalar sauti. Nas ta ce masa, "Ba komai, Yaya." Me za ta ce? Shi ya tsaya mata ranar da aka ɗauki Malam, shi ya riƙe yarinyar tana kuka. Ba a ɗaga wa irin wannan yayan murya, sai dai a haɗiye. Abin da ya fi ci mata rai ma ba shi ba ne. Da ta ci amanar mijinta ta saurari abin da ya hana, da yau tana da abin da za ta faɗa wa yarinyar ranar aurenta. Ta riƙe amana, ga sakamakon da ta samu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a rumfar mai gyara, inda za a raba allo, madannai da fanka ga kwamfutoci marasa lafiyar da ke jira. Yaya Injiniya ne zai ɗauki gawar, kuma kafin a fita shi zai zaunar da Kurciya ya gaya mata gaskiya da bakinsa. Za a karɓi gaisuwa a falo bayan an dawo. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da shawara, musamman ta inda ya kamata a ce an ajiye kwafi na biyu. An riga an sani.

Maimakon haka, duk wanda ya taɓa hulɗa da Malam, ɗalibi ko abokin aiki ko maƙwabci, don Allah ya duba tsohuwar wayarsa kafin ya taho. Ko saƙon murya ne yana cewa ya makara, ko bidiyon wani taro da aka jiyo shi daga bayan fage, a kawo. Ko da faɗa yake yi a ciki, ana so.