Hedimasta da Allurar Jijiya

Wani tsohon hedimasta, Malam Sallau, wanda a zamaninsa in ya yi gyaran murya har tsuntsayen makaranta sai sun yi shiru, shi ne ya taka ƙusa a gona. Maimakon asibiti sai ya ɗiga wa wurin man birki, wai ai ɗan ciwo ne. Kafin mako ya zagayo ƙafa ta zama turmi, zazzaɓi na kaɗa shi har gadon yana rawa. Ranga-ranga 'ya'yansa suka kai shi asibiti. Likitar da ta karɓe shi, Dakta Furera, ɗalibarsa ce a firamare, har ƙasa ta gaishe shi. Ta ɗebi jini ta aika gwaji, ta ce cutar ta fara shiga jini, in ba a soma magani ta jijiya yau ba, ƙafar ma ba ta da tabbas. Nas ta rataya ledar ruwa. Malam ya janye hannunsa ya cusa cikin riga.

"Tsaya, Furera. Wace ƙwayar cuta ce ta kama ni? Faɗi sunanta."

"Malam, sai sakamakon gwaji ya fito, nan da 'yan kwanaki."

"To wa za ki kashe da wannan ruwan?"

"Maganin mai faɗi ne, Malam. Duk wadda ake zargi zai bi ta kanta. Har na kirkin da ke cikin hanji zai ɗan taɓa, wataƙila cikinka ya ɗan lalace. In mun gano mai laifin sai mu koma kanta ita kaɗai."

Duk da zazzaɓin, Malam ya yunƙura ya zauna, ya ɗaga ɗan yatsan nan nasa da garin duka ya sani.

"Ashsha! Wannan ai zalunci ne! Ba bincike, ba shaida, a haɗa mai laifi da marar laifi a daka? Ni ba za a yi wannan a jikina ba. A wace makaranta aka koya miki haka, yarinya?"

Dakta Furera ta gyara safar hannunta, ta sunkuyar da kai cikin ladabi.

"A taka, Malam. Ranar da aka sa maka ƙadangare a durowa, ajin gaba ɗaya ka zane. Miƙo hannunka."