Yadda Za Ka Adana Ruwan Gwaji a Firjin da Surukarka Ta San Hanyarsa

An ɗauke ka aikin tsaron firji a sabuwar jiharmu ta Kebbi? Madalla. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin sai sunanka ya zagaye garin Wara. Malam Sahabi ya bi su a azumin 1992, har yau ana maganarsa a bakin ruwa.

Mataki na 1: San kayanka

Kwalabe goma sha biyu ne na wani jan ruwa, wanda masana ke ciyar da ƙananan ƙwayoyin halitta da shi don haɗa allurar rigakafin shanu. Dakta Ruƙayyatu, shugabar aikin, ta danƙa wa Sahabi su, ta ce sanyi suke so amma kada su daskare, kada rana ta gan su, kada a buɗe murfinsu. In ruwan ya koma rawaya, ya lalace, aikin Sahabi ma ya bi shi. Ranar Alhamis za ta dawo. Kai dai ka gyaɗa kai kamar a cikin kwalba aka haife ka.

Mataki na 2: Riƙe sirri

Firjin na kananzir ne, don wutar Kainji ta saman kanmu take wucewa ko sallama ba ta yi. Shi ne kaɗai abu mai sanyi a unguwar, ga azumi, ga zafin bazara. Kada ka gaya wa kowa sai matarka. Haka Sahabi ya yi. Kafin la'asar Dogo masunci ya iso da giwan ruwa a kafaɗa, yana tambayar ko akwai ɗan wuri.

Mataki na 3: Koyi cewa a'a

Dogo kam ka kore shi, ka ce dokar gwamnati ce. Amma in Inna Dudu, uwar matarka, ta iso da jarkar kunu, sunkuyar da kai, ka cire takalmi, ka buɗe mata firji da hannu biyu. Masana sun tabbatar babu digirin sanyin da ya kai kallon suruka.

Mataki na 4: Bar makulli a hannun amana

Kananzir zai ƙare, dole ka shiga Yauri. Wa ya fi Inna amana? Sahabi ya ba ta makulli, ya tafi hankali kwance. Da lokacin buɗa-baki ya yi, baƙi suka cika mata gida, ta tuna da zoɓon gwamnati da ta gani jere a firji. Ta ari kwalba ɗaya.

Mataki na 5: Karɓi gyara da godiya

Washegari ta tare shi a ƙofa, tausayi ya cika mata fuska.

"Wanga zoɓo naku, gishiri anka zuba mai? Baƙina ɗaya-ɗaya sunka tofar. Kar ka damu, na gyara maka."

Ba a mayar da kwalbar mutane babu komai, wannan kowa ya sani. Ta wanke wadda ta ara, ta cika ta da zoɓonta na gaske. Sauran goma sha ɗayan kuwa ta buɗe su, ta zuba wa kowace sukari cokali biyu, ta juya da tsinke, don kada surukinta ya ji kunya a gaban manyansa. Sahabi ya dubi kwalaben. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah shi saka da alheri, Inna."

Mataki na 6: Fuskanci Alhamis

Kwalabe goma sha ɗaya sun koma rawaya suna kumfa kamar kunun da ya kwana uku. Guda ɗaya ce ja jawur. Dakta ta ɗaga ta, ta yi hamdala cewa ko ɗaya ta tsira, har ta fara murmushi. Sai ƙamshin citta da kanumfari ya bugi hancinta ta gefen murfi, ita ma kuma azumi take yi.

"Malam Sahabi, wa ya haɗa wannan?"

Inna Dudu na tsaye a bakin taga da jarkarta, tana jiran a yaba. Kalma ɗaya za ta ceci aikinsa. Amma wane ɗan mutunci ne zai tona surukarsa a gaban baƙuwa?

"Ni ne, Dakta."

Dakta ta karɓi makulli a take. Inna kuwa ta tafi gida ranta a ɓace, tana gaya wa duk wanda ta gamu da shi cewa yaron nan ya cinye mata yabon zoɓonta a gaban likita.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa aiki, kada ya nemi marubuci, ban san shi ba, ban taɓa ganin firjinsa ba. Mai ƙorafi ya samu Malam Sahabi a bakin ruwa, inda yake taya Dogo jan taru. Ku je da sallama mai kyau, don har yanzu bai gaya wa Inna dalilin korarsa ba.